Motar Da Zan Saya Wa Gona, Ba Wadda Idona Ke So Ba

Wallahi abin ya samo asali ne daga bidiyo. Kun san irin ƙananan motocin nan marasa gilashi da ake hawa tudun yashi da su a Dubai, mutum ya sa hular kwano yana ta watsa rairayi, to su na yi ta kallo wata da watanni har na fara ce wa kaina ai wannan ita ce maganin hanyar gonarmu. Gonar tana bayan Daura ta wajen Sandamu, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa bakin gona yashi ne zalla, da rani mota ta nutse, da damina kuma akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya sai dai ka tuɓe takalmi.

Sunanta UTV a wajen masu ita. Ba irin babur mai taya huɗu ba da ake hawa a ware ƙafa, wannan sitiyari gare ta da kujeru gefe da gefe da ƙarfen kariya ta sama, bayanta kuma ɗan bodi ne, a wasunsu mai ɗagawa kamar na tifa.

Da na fara bincike sai na gane ashe gida biyu ne. Wadda nake gani a bidiyo irin su Polaris RZR ne da suka fito a 2007, an yi su don gudu da tsalle, bayansu ko buhu biyu ba zai zauna da kyau ba. Ɗaya gidan kuma na aiki ne, su Kawasaki Mule da aka fara yi tun 1988, da Gator ta John Deere, da Polaris Ranger, da Honda Pioneer, da Kubota RTV mai shan gas, har da CFMoto ta China da ta fi sauƙin kuɗi. Waɗannan ba su da wani kyan gani, wasu Mule ɗin ma an ƙayyade musu gudu bai wuce kilomita 40 a awa ba, amma su ne masu ɗaukar kaya.

Na kai wa babban yayanmu maganar, ya saurare ni tsaf yana jan carbi sannan ya ce "to ƙanena, buhu nawa take ɗauka?" Na ce Yaya ai taya huɗun duka ja suke yi. Ya ce ba abin da na tambaye ka ba kenan. Sai da na koma na yi lissafi. Matsakaitan na aiki bodinsu na ɗaukar wajen kilo 450, wato buhun taki 9 na kilo 50, ko buhun gero huɗu da ɗan ƙari, kuma nauyin mutanen da ke zaune shi ma yana cikin jimillar abin da aka yarda ta ɗauka, ba wai ka cika baya ka kuma loda ƙarti uku a gaba ba. Da na faɗa mashi sai ya yi dariya ya ce amalankensa ma ai tana yin haka, kuma bijiman in sun yi shekara biyu suna aiki ya kai su kasuwar Mai'adua ya sayar da riba, ya ce ka taɓa ganin inji ya yi ƙiba? Gaskiya ban da amsa. Abin da kawai na iya cewa shi ne sawu ɗaya na amalanke ni na yi huɗu.

Amma inda na fi daɗewa shi ne maganar bel, don nan ne kuɗi ke zuba. Yawancinsu ba su da giya irin ta mota, wani bel ne na roba ke juyawa tsakanin fulai biyu yana canja gudu da kansa. A ƙasa mai tauri lafiya lau. A yashi irin namu kuwa, in ka loda kaya ka bar ta a babbar giya kana tafiya a hankali, bel ɗin sai ya riƙa zamewa yana zafi har ya ƙone, dole sai ka sa ƙaramar giya. Wani abokina a Katsina ya sayo tokumbo, yaron gonarsa bai san wannan ba, sati uku bel ya tsinke a tsakiyar jigawa, aka duba Katsina babu, aka aika Ƙofar Ruwa a Kano babu irinsa, sai da aka yi odarsa daga waje, motar ta yi kusan wata biyu a ƙarƙashin darbejiya kaji na kwana a kanta. Ba laifin motar ba ne, rashin sani ne da rashin kayan gyara.

Wannan ne ya sa hankalina ya koma kan guda biyu da ba su amfani da irin wannan bel ɗin. Honda Pioneer 700 giyarta otomatik ce mai hawa uku irin ta mota, injinta 675cc, tana shan fetur. Kubota RTV kuma da ƙarfin mai take tura tayoyi kamar wasu taraktoci, injin gas mai silinda uku, nauyi gare ta kuma ba ta da sauri ko kaɗan. Na je wajen makanikena da hotuna a waya, mutumin da tun ina da Jincheng yake mani gyara, na ce Malam duba mani. Ya ce in Honda ce zai iya lalubawa don ya san halin injinsu, in kuma ta gas ce sai dai in nemi masu gyaran tarakta. Sannan ya kawo abin da ban yi tunani ba, ƙura. Ya ce hunturun nan namu in filtar iska ta toshe ko ta yage, injin zai sha yashi ya gama aiki cikin shekara, don haka duk wadda zan saya in haɗo da filta uku da fulogi da man giyarta tun a kwantena ɗaya.

Sai ƙaya. Aduwa da bagaruwa ba su san tsadar taya ba, kuma mai facin bakin tasha ba lallai yana da girman tayar nan ba, dole in nemi masu kauri.

Maganar shaƙatawa kuwa ban yar da ita ba, kar ku ɗauka na zama dattijo. Ina son ranar Juma'a da yamma in ɗebi yara mu nufi wajen dam ɗin Sabke ta hanyar daji, a ɗora tabarma da kula a baya. Ta aiki ma za ta yi wannan, sai dai ba tsalle. Abin da na gindaya wa kaina shi ne kowa sai ya ɗaura bel ɗin kujera, ba mai zama a bodi, kuma babu yaron da zai taɓa sitiyari, don motocin nan dogaye ne kuma tsukakku, in ka sha kwana da gudu kifewa suke yi, mutum ya fito da ƙafa ko hannu wai zai tare sai ƙarfen ya danne shi. Su kansu kamfanonin sun ce ba don kwalta aka yi su ba, saboda haka a gona za ta riƙa kwana, ba zan shiga da ita cikin gari ana bina da ihu ba.

Na kuma duba babur mai ƙafa uku na kaya, don shi kayan gyaransa ko a Daura akwai kuma kuɗinsa ba ya kai ko kusa, sai dai na ga yadda yake haƙa rami da tayoyin baya a wannan yashin har sai an sauke rabin kaya an tura. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma kowace lita sai ka lissafa ta, shi ya sa Kubota ɗin ma ban cire ta a rai ba.

Yanzu dai na tsaya a kan Honda tokumbo in an samu mai ƙarancin awoyin aiki, don su da awa ake auna tsufansu ba kilomita kaɗai ba. Sai bayan kaka in an sayar da wake da riɗi za a ga abin da aljihu ya ce. Yaya ya ce in na kawo ta zai hau sau ɗaya, amma bijimansa suna nan, kuma kar in kuskura in zo aron su ranar da ta ƙi tashi.