Kollo da dawowa babu faci: ashe janti ke cin shambur ɗina

Ƴan uwa masu keken tsere, ku taya ni murna. Ranar Lahadi na je Kollo na dawo Yamai, wajen kilomita 70 tafiya da dawowa, ban sauka na tuɓe taya ba. Duk wanda ya fita da ni tun farkon bazara ya san nauyin wannan magana, don ni ne kullum ake jira a gindin gawo ina fama da gam da famfo, har samarin cikinmu suka laƙa mini Malam Faci.

Da na sayi keken nan a kasuwar Katako, ɗan gwanjo mai taya 700x23, wato siririya mai faɗin milimita 23, na tsara abina daki-daki: in saba da Saga tukuna, in ƙara zuwa Libore, sai Ndunga, sai Kollo, in ƙafa ta yi ƙwari in ƙetare gadar Kennedy in gwada tuddan hanyar Say. Tsarin bai je ko'ina ba. Wata rana in kai Ndunga, wata rana in dawo daga Gamkalle ina jan keke. Tayar baya ce ke yanke inda zan tsaya.

Ga yadda take yi. Ba ta fashewa da ƙara. Da asuba tana nan daram, sai hantsi ya ɗaga, kwalta ta fara ɗaukar zafi, in ji bayan keken yana lilo a kwana. Kowa ya ce ƙaya ce, ni ma haka na ɗauka, don hanyar ba ta rasa ta. In ka bar kwalta ka sauka bakin kanal ɗin ruwan shinkafa, tsaida ce shimfiɗe, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da masu shinge ke ja a ƙasa suna zubarwa. Amma duk sanda na tuɓe, in bi cikin tayar da yatsa, in bi da auduga ko za ta sarƙe, babu komai. Na ce to tayar ta tsufa, na sayi sabuwa 700x28, mai faɗin milimita 28. Jika 12, wallahi har yau ina jin zafinsu. Fita ta gaba ta sace kafin Libore. Shambur, wato abin da ke riƙe iska cikin taya, mai siririn bawul, irin Presta, ba a kowane shago ake samunsa ba, kowane ɗaya jika 3, kuma na tara su a buhu, kowanne da tabon faci.

Wani ɗan uwa ya ce ƙila matsewa ce: iska ta yi kaɗan, ka faɗa rami, bakin janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya danne shambur. Matsewa kuwa huji biyu take bari a jere, ni ɗaya nake gani. Duk da haka na ƙara iska zuwa bar 7 a ma'aunin famfo. Abin ya ƙara lalacewa, abin da ke kai ni Ndunga ya koma bai wuce Saga ba. A nan ne raina ya ɓaci sosai, har na jingine keken a zaure na ce a kai kasuwa.

Wanda ya warware mini wani dattijo ne mai faci a bakin hanya wajen Libore, Ba'adare, wanda aikinsa babura da kura. Na je masa da buhun gaba ɗaya don ya zaɓa mini masu sauran rai. Bai ɗauki gam ba. Ya shimfiɗa su ƙasa, bawul kan bawul, ya bi tabon da ido. Duk a ciki suke, ɓangaren da ke kwanciya kan janti, kuma nisansu da bawul ɗaya ne, taki guda da ɗan ƙari. Wasu dama, wasu hagu, saboda in za ka mayar da shambur ba ka lura da ta wace fuska ka saka shi. Ya ɗago ya ce, “Ɗana, ƙaya ba ta awo. Daga cikin gida ake sukar ka.” Na ce, “Baba, ai akwai roba a ciki.” Ya ce in ɗaga ta in gani.

Ku saurara nan, don da yawanku irin jantina gare ku. Keken gida bango ɗaya jantinsa ke da shi, kawunan wayoyi ne kawai a ciki, kuma iskarsa ba ta da ƙarfi, saboda haka zaren roba da aka yanko daga tsohon shambur ya ishe shi. Na tsere bango biyu ne. A bangon sama an huda manyan ramuka, ɗaya bisa kowace waya, don a iya zura kan wayar, kuma bakin ramin kaifi gare shi. Iskar bar 6 ko 7 na tura shambur cikin kowane rami. Roba ba ta iya riƙewa, miƙewa take ta lotsa. Ƙara da zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a inuwa, ga kwalta, ga birki na gugar janti: roba ta yi laushi, iskar ciki ta ƙara kumbura. A nawa, rami ɗaya ne robar ta goce ta bar gefensa a buɗe, ɗan tsagi da bai kai faɗin farce ba. Shi ya cinye mini kuɗin taya da buhun shambur.

Dattijon ya naɗa mini salatif ɗin masu gyaran wuta don in isa gida, dala 40, ya kuma faɗa mini ba zai daɗe ba. Gaskiyarsa. Gam ɗin salatif narkewa yake da zafi, ya yi yauƙi ya zame, sati bai cika ba ramukan suka fito. Abin da ya yi aiki shi ne na cire komai, na goge bakin kowane rami da takarda mai yashi har yatsa ya daina jin kaifi, na wanke da ɗan fetur ya bushe, sannan na naɗa tef na yadi, Velox mai faɗin milimita 16, wanda wani abokinmu ya ba ni daga ajiyarsa. Ku auna cikin jantinku kafin ku nema: in ya yi siriri zai bar gefen rami, in ya yi faɗi zai hau inda bakin taya ke zama. A ja shi da ƙarfi, a fara daga ramin bawul. A jantin gaba kuma, da yake Velox ɗin ɗaya ne, filastar yadi ta kantin magani na naɗa ninki biyu. Ta kai Kollo ta dawo, zan buɗe ta bayan wata ɗaya in faɗa muku halin da take ciki.

Sai ranar Lahadin na san hanyar, don da can idona na kan taya. Bayan Saga gari na sakinka, kwalta ta riƙa hawa tana sauka a hankali, gonakin gero a hagu, a dama kwarin kogi kore shar ko da rani. Waɗannan filayen shinkafa da ONAHA ke kula da su, hukumar noman ban ruwa da aka kafa a 1978, da injin ake ɗebo musu ruwa daga kogi zuwa babban kanal na siminti, ya rarrabu cikin ƙanana, shi ya sa ake girbi sau biyu a shekara. Na sauka wajen Ndunga na bi gefen kanal: mata na wanki, yara na korar tsuntsaye da gwangwani, balbela na bin masu dashe. In za ku bi nan ku rage gudu, ku yi sallama. Hanyar aikin mutane ce, kuma amalanken jaki ba ya kauce wa kowa. Iska na cikin 28 ɗin bar 5 da rabi, jar ƙasar ba ta girgiza ni yadda 23 ke yi ba, to kuɗin tayar dai ba duka suka tafi a banza ba.

Matsalar da ta rage ita ce 28 ta cika wurin. Tsakaninta da birkin baya bai fi milimita 3 ba, kuma inda kanal ke yoyo laka na mannewa ta cushe, sai ka nemi tsinke. Ga kuma giya: mai haƙora 52 da mai 42 a gaba, mafi girma a baya mai 23. Tuddan Kollo sun yarda da hakan, amma na ƙetaren kogi sun fi tsayi, kuma can ba na nisa sai na tambayi halin hanya. Ina neman giyar baya mai haƙora 28, layi bakwai, irin ta murɗawa. Wanda ke da ita, ko yake da makullin cire tsohuwar, ya zo da shi ranar Lahadi, muna tashi daga Gamkalle bayan sallar asuba.