Ɓeraye da kuɗin dizal

Laraba. Na tashi da fara'ata wallahi, Umma ta yi waina, ga sanyin hunturu daidai yadda nake so. Sai da Yaya ya dawo daga lab bayan la'asar sannan ranar ta juye.

Ba su ba shi kuɗin binciken nan nasa na zazzaɓin Lassa ba. Wata nawa yana rubutun neman tallafin, kun san yadda ya dinga kwana gaban kwamfuta har Umma na masa faɗa, amsar kuma layi uku kacal. Ya zauna shiru yana juya shayi. Kawu da ya leƙo gaisuwa, maimakon ya ce Allah ya musanya da mafi alheri, sai cewa ya yi, "To kai ma dai, wa zai ba ka miliyoyi kana bin ɓeraye? Koronar ma da aka tsorata mu da ita ina take?" Yaya ya yi murmushi ya ce, "Haka ne Kawu." Shi kenan fa. Ni ce abin ya tsaya wa a rai.

Don na san ɓerayen da ake magana, su ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Zazzaɓin Lassa tun 1969 aka gano shi a garin Lassa na Borno, yau fiye da shekara 50, har yanzu babu rigakafin da aka amince da shi, maganin ribavirin ɗin da ake bayarwa ma sai an fara da wuri, ga shi farkonsa sak maleriya, mutum zai yi ta shan magani daga kemis kafin wani ya yi tunanin ɗibar jini. Abin da Yaya ke nema kenan, a riƙa gane shi tun ba a makara ba. Gwajin rigakafin da aka fara a Abuja a 2024 ma kuɗin CEPI ne, ƙungiyar duniya mai tallafa wa binciken rigakafi, su da aka kafa a 2017 bayan Ebola ta gama ɓarnarta. Mu kuwa a Abujar nan ƙasashen Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya tun 2001, har gobe ana jira.

Kuma Kawun da ke tambayar ina korona take, a watan Afrilun 2020 jana'iza nawa ya je a garin nan? Na so in tuna masa, Umma ta harare ni, na haɗiye. Lokacin kowa na kiran a kawo kuɗi, yanzu da aka samu sarari an manta.



Bayan isha'i aka ɗauke wuta, Yaya ya ɗau makullin mashin ya koma lab, wai in firizar ta huce samfuran jinin shekara biyu sun tafi. Dizal ɗin daga aljihunsa. Umma ta rufe masa wainarsa a kwano, har yanzu ban ji ƙarar mashin ba.