Yadda ake zaman tafakkuri ba tare da barci ya sace mutum ba

Tafakkuri aiki ne na zuciya, kuma yana da ƙa'ida. Mafi dacewar lokacinsa bayan sallar asuba, kafin hayaniya ta tashi. Fara da minti 10 kacal. Mai ɗaukar awa guda tun ranar farko yakan gaji kafin mako ya zagayo.

Zauna ka miƙe gadon bayanka. Kada ka kwanta ko ka jingina da bango, nan da nan gyangyaɗi zai kama ka. Idan ƙafa tana sagewa, sa matashi a ƙarƙashinka don gwiwoyi su sauka ƙasa da ƙugu. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi kana ƙirga 6. Yawan ja da sauri shi ke kawo jiri.

Daga nan ɗauki aya ɗaya tak ka riƙe, misali ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Aya ta 56 a Suratuz Zariyat ta ce don bauta aka halicci mutum da aljan. Aya ta 100 a Suratul Muminun kuma ta ambaci barzahu, zaman da ke tsakanin mutuwa da tashin ƙiyama. Tambayi kanka: wane haƙƙi ke wuyana da ba na son in tafi da shi kabari?

Zuciya za ta zille, ta tafi wajen bashi ko wata gardamar jiya. Kada ka yi faɗa da ita, dawo da ita kan ayar a hankali, ko sau 20 ne.

Idan kuwa tunanin mutuwa ya fara jefa ka cikin fargaba har barci ya ƙaurace maka, ajiye shi, ka koma kan ayoyin rahama na wasu kwanaki.