Shekara 7 tare da Duna

Ranar da na je gidan da ake tsugunar da karnukan da aka tsinta, ɗan kwikwiyo na je nema, amma sai idona ya faɗa kan wani baƙin kare da ya lafe a lungun keji, ya juya wa kowa baya. Ma'aikaciyar wurin ta ce an same shi ɗaure da sarƙa a gidan da masu shi suka tashi suka bar shi, kuma likita ya duba haƙoransa ya kiyasta cewa ya kai shekara 5. Akwai tabo da ya zagaye wuyansa, inda gashi bai sake tsirowa ba. Na sa masa suna Duna.

Makonnin farko sun gwada haƙurina matuƙa. Ba ya taɓa abinci sai na bar wurin, kuma duk lokacin da na ɗauki tsintsiya sai ya durƙushe, jikinsa na ɓari, fitsari na zubo masa. Kuskurena shi ne na dinga matsa masa da shafa da rarrashi, ina zaton tausayi zai wanke masa tsoro cikin kwana biyu. Likitan dabbobi ne ya ce mini, "Malam, ka sakar masa mara, ka riƙa ba shi abinci a lokaci guda kullum, da ƙafarsa zai zo." A wata na 3, ina zaune a ƙasa ina ɗaure takalmi, sai na ji nauyin haɓarsa a kan gwiwata. Ban motsa ba har ƙafata ta sage.

Kuɗin karɓarsa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da na kashe. Akwai allurar rigakafin ciwon hauka, da maganin tsutsar ciki duk wata 3, da na kaska da ƙuma, sannan aka yi masa aiki aka cire haƙora 2 da ya farfasa wajen gwaguyar sarƙa. Na fasa tafiye-tafiye da dama saboda ba ya yarda da baƙon hannu, ban kuwa taɓa jin na yi asara ba, domin duk yammar da na dawo ina tarar da shi a bakin ƙofa, yana kaɗa wutsiya har da ƙugunsa.

Da ya doshi shekara 12 sai ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, yana ramewa. Gwajin jini ya nuna ciwon ƙoda ne, kuma likita ya bayyana mini cewa alamun ba sa fitowa fili sai kusan kashi biyu cikin uku na ƙodar ya lalace. Har yau ina cizon yatsa da ban riƙa kai shi gwaji duk shekara ba tun da ya fara manyanta. Na koyi yi masa ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, muka ƙara wata 8 tare, har ranar da ya daina cin abinci, ya kasa miƙewa, na amince a yi masa allurar da za ta hutar da shi. Kansa yana kan gwiwata aka yi.

Saboda tabon nan, ban taɓa sa masa komai a wuya ba, da abin ɗaurin ƙirji muke fita yawo. Yana nan rataye a bayan ƙofa, kuma har yanzu ƙarfe 6 na safe nake farkawa.