Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ajin Baftisma da Bencin Baya

A makon jiya na tsaya inda Baba ya kai ni tsohuwar kasuwa ya damƙa ni a hannun wani tela. Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato ke nan, 1991, kuma a cikinta na shiga ajin baftisma a cocinmu. Ranakun aiki ina bakin keke ina fama da zare da kwarkwaro, ran Asabar da la'asar kuma ina kan benci a gaban wani tsohon soja mutumin Zuru da muke ce wa Baba Dattijo.

Baba Dattijo ba ya gaggawa. Sai da muka yi makonni a surar farko ta Farawa, littafin farko a Littafi Mai Tsarki, yana nanata mana cewa Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, ya duba aikinsa ya ga yana da kyau ƙwarai. Ya ce duk wanda bai riƙe wannan ba, kada ya wuce zuwa sura ta 3, inda Adamu da Hawwa'u suka ci 'ya'yan itacen da aka hana su. Daga nan ya tsallaka da mu Romawa sura ta 5, inda Manzo Bulus ya ce zunubi ya shigo duniya ta wurin mutum ɗaya, mutuwa ta biyo shi, ta bi ta kan kowa. Ya haɗa da Zabura ta 51, inda Dawuda ya ce tun yana cikin uwarsa yake mai zunubi. Wannan shi ne zunubin asali, wasu su ce zunubin gado.

Na kai maganar gida, Kaka ta saurara tana gyaɗa kai. Masu bin labarin nan sun san kakanmu ya yi jinyar kuturta a Amanawa, kusa da Sakkwato, a hannun 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM), a can kuma ya zama mai bi. Shekaru da yawa mutane na gudun aure a gidanmu, wai kuturta gado ce, alhali likitoci sun ce ba a gadonta. Saboda haka koyarwar da ke firgita wasu, ita Kaka sanyi take sa mata. Takan ce in dai ciwon da ke raba mutum da Allah kowa da shi aka haife shi, Bature da basarake da Fasto da kuturu, to ba wanda ya isa ya toshe hanci idan ta wuce.

Ana cikin haka Yaya ta haihu. Maigidana tela, Alhaji, ya zo barka da 'yar riga da ya ɗinka da hannunsa, ya karɓi jinjirin ya yi masa addu'a. Washegari a shago, yana riƙe da almakashi, ya ce: "Ɗana, na ji kuna cewa kowa da zunubi aka haihe shi. Wanga jinjiri da na ɗauka jiya, mi yay yi ma Allah?"

Ya kawo nasa dalla-dalla: Annabi Adamu ya tuba Allah ya karɓi tubarsa, ba ran da ke ɗaukar nauyin wani, kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa. Na ce: "Baba Alhaji, ba a ce ya aikata komai ba. Kamar yadi ne da aka yanka a karkace. Ɗinkin da za a ɗora a kai bai yi laifi ba, amma ba zai zauna daidai ba."

Ya ajiye almakashin. "Tau, wa yay yanka yadin? In Allah na, kana cewa aikinai ya karkace ke nan?"

Wannan tambaya na kai wa Baba Dattijo, ya yi dariya ya ce shi ya sa ya tsare mu a surar farko. Allah daidai ya yi mutum, ya ba shi ikon zaɓi, mutum ne ya juya baya. Kamannin Allah bai goge ba, shi ya sa ko ɓarawo ya san sata ba kyau. Abin da ya lalace shi ne ƙarfin bin abin da aka sani, kamar yadda Bulus ya koka a Romawa sura ta 7 cewa nagartar da yake so ba ita yake yi ba.

Sai daga baya, a bakin wani abokina ɗan Katolika da ke zuwa babban cocin Holy Family, na ji cewa gardamar Alhaji an taɓa yin irinta a cikin Ikilisiya kanta. Wani malami, Pelagiyus, ya koyar cewa jariri fes yake zuwa, mugun misali kawai Adamu ya bari. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya tashi tsaye ya yi masa raddi, taron bishop-bishop da aka yi a birnin Kartaj a shekara ta 418 kuma ya ƙi koyarwar Pelagiyus. Katolika na yi wa jarirai baftisma, mu kuwa sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa, amma a kan cewa ɗan Adam ba ya iya gyara kansa da kansa, bakinmu ɗaya. Daga nan ne maganar Almasihu ta taso: in ɓarnar ta kai haka, Kirista ya ce sai dai Allah da kansa ya sauko ya yi fansa, ceto kuma alheri ne, ba lada ba. Ran da na faɗa wa Alhaji haka, ya ce "Subhanallahi," ya miƙo mini wuyan riga ya ce in gyara. Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma rage mini kuɗin abinci ko sisi ba.

Inda abin ya tsaya mini a rai a cikin cocinmu ne. Wata yarinya 'yar ajinmu ta yi ciki. Aka sanar daga kan bagade cewa tana ƙarƙashin horo: ba Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Almasihu), ba ƙungiyar mawaƙa, wurin zamanta bencin baya kusa da ƙofa. Wanda ya yi mata cikin kowa ya san shi, ɗan wani mai faɗa a ji ne, yana nan layi na biyu da sabon takalmi. Ni ban ƙi horo ba har gobe, amma mutanen da suka koya mana cewa duka sun yi zunubi su ne suka auna nata da mudu, nasa da cokali.

Lahadin da ta biyo baya, Kaka ta shigo da zanen Zumuntar Mata, ta wuce wurin da ta saba zama, ta dogara sandarta har bencin baya ta zauna gefen yarinyar. Mai tsaron ƙofa ya sunkuyo ya ce: "Inna, nan wurin masu horo ne." Ta ce da ƙarfi yadda rabin coci ya ji: "Na sani, ɗan nan. Je ka tambayi Fasto wane benci ne na marasa zunubi, in koma can."

Ba a yi magariba ba sai ga dattawa uku sun yi sallama a ƙofar gidanmu suna neman Baba. Abin da suka zo da shi, da yadda ya kusa hana ni baftisma a wannan shekarar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.