Asabar, ranar da na buɗe jakar rowa a gidan Raphael

Yau dai Alhamdulillah na gama da mutumin nan, Raphael, shaiɗanin cikin gem ɗin Baldur's Gate 3. Kwana huɗu kenan ina kwana ina tashi da shi a raina, har jiya a wurin aiki oga na magana ni kuma ina lissafin inda zan tsayar da Karlach, ɗaya daga cikin mayaƙana a gem ɗin. Bari in rubuta tun abin na da zafi kafin in manta yadda aka yi.

Bayan asuba ban koma barci ba saboda na ga akwai wuta, kuma a unguwar nan in ka ga wuta da safe ka yi abin da za ka yi kawai, babu wanda ya san lokacin tafiyarta. Na jona laftof, na buɗe Baldur's Gate 3, na yi lodin sebin ɗina na jiya, wanda nake tsaye daidai bakin falon da za a fita daga House of Hope, gidan Raphael. Wai gidan sa rai, a tsakiyar Avernus, cikin wuta. Masu gem ɗin nan 'yan Larian na ƙasar Beljiyam sun iya zolaya wallahi. Tun 2023 ya fito amma ni sai bana na samu na saya, sauke shi kaɗai ya ci min sama da giga 100 da dare uku ina gadin data, yanzu ina awa 140 da wani abu a ciki, ina babi na uku, duk mutanena sun kai lebul 12 wanda shi ne ƙarshe, babu sauran wani girma da za a yi. Abin da ya sa faɗan ya fi ba ni haushi kenan. Da a farkon gem ne sai in ce bari in je in kashe 'yan goblin in ƙara ƙarfi in dawo, to yanzu ina za ni?

Tawagata mutum huɗu, paladin ɗina (mayaƙin da nake bugawa da shi), Karlach, Gale mai tsafi, sai Shadowheart mai warkarwa. Ga kuma Hope, fursunar Raphael, da na ɓalle wa sarƙa da gudumar nan Orphic Hammer da na sato a ɗakin ajiyarsa, ita ta biyar, 'yar gajeruwa mai surutu kamar rediyo ya lalace amma tana da amfani. Kana zuwa bakin ƙofar fita sai ga Raphael ya ɓullo ransa a ɓace, da yaransa Korrilla da Yurgir, da tarin cambion, ƙananan shaiɗanunsa, sun zagaye ka. Jininsa 666 cif, ni da nake buga Balanced, matsakaicin wahala, ma kenan. Kuma shi da kansa yake rera waƙa ana faɗan, da muryarsa, yana yi maka dariya a cikin kiɗa. Ranar farko tsigar jikina ta tashi don daɗi. Zuwa yau da safe na kashe sautin gaba ɗaya don na fara jin waƙar a banɗaki.

Gwaji na farko yau irin na kullum. Na ruga da paladin, na ɗora wa wani cambion Divine Smite, bugun haske, da dukkan ƙarfina, abin ya dawo min a matsayin wuta, rabin jinina ya tafi a bugun da ni na kai. Na san haka ake yi fa, tun shekaranjiya na gane cewa a gidan nan duk wanda ya taɓa su da haske sai ya ji a jikinsa, amma hannu ya riga ya saba, awa 140 ina danna abu ɗaya. Shadowheart ma haka, Spirit Guardians ɗinta na haske da ya share min hanya a babi na biyu nan ya zama kamar ka riƙe garwashi. Zagaye na uku Gale ya faɗi, na huɗu Hope ta mutu, na danna F8 na koma sebin. Gwaji na biyu Yurgir ya ɓace ya zago ya watsa mana bama-bamai muna cure wuri ɗaya kamar kaji. F8. Ana cikin na uku aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma in ana gem ko minti 40 ba ya yi, fanka na ihu kamar injin markaɗe, na rufe na fita.

Umma ta aike ni kasuwa sayo kayan miya da gawayi, na dawo, na yi wanki, aka yi azahar. Babu abin faɗa a nan sai zafi.

Wajen ƙarfe uku wuta ta dawo, autanmu ya shigo ɗakin ya zauna a bakin katifa yana kallo. Yaron nan SS2 yake, bai taɓa buga gem ɗin ba sai kallo, amma ya fi ni haƙurin karanta rubutu. Na buɗe jaka zan sha maganin jini sai ya ce "Yaya tsaya, wannan duk mene ne?" Na ce kayan ajiya ne. Ya ce "ajiyar wa?" Na ce na babban faɗa. Ya kalle ni ya kalli allon ya ce "to wannan ƙaramin faɗa ne?"

Na yi shiru don ba ni da amsa. Muka zauna muka ƙirga. Potion of Speed, maganin gudu, guda 7, tun babi na ɗaya nake tara su ban taɓa shan ko ɗaya ba. Elixir na ƙarfin Cloud Giant guda 3, wanda ke kai ƙarfin mutum 27. Takardun tsafi kuwa ba a magana, har da ta ƙwallon kariya, Globe of Invulnerability, da na saya da tsada a shagon Sorcerous Sundries na ajiye kamar takardar fili. Kibiyoyi kala-kala, bama-baman smokepowder, ga Divine Intervention na Shadowheart, kiran agajin abin bautarta, da sau ɗaya tak ake yinsa a duk gem ɗin, shi ma ina ta lallaɓa shi. Karlach har ta yi nauyi don kaya, ita nake loda wa komai kamar jakin 'yan ci-rani. Ni dai haka Allah ya yi ni, ko a gida turaren da aka ba ni tun sallar bara yana nan a kwali, Umma kullum sai ta ce wanda zai gaje ni zai ji daɗi.

Abu na biyu da ya gano, shi ne ya ce in danna kan Raphael in duba bayaninsa, abin da ban taɓa tsayawa na karanta ba sai dai in ga 666 in fara duka. Ashe ginshiƙai huɗun nan da ke gefe-gefen falon, waɗanda na ɗauka ado ne ko dai abin da za a fasa in an samu sarari, daga cikinsu yake zuƙar rayuka yana ƙara ƙarfi da wuta, muddin suna tsaye kana dukan mutumin da ake yi wa ƙarin ruwa ne. Kuma sun fi jin bugun guduma da tsafin force, takobi ba ya yi musu sosai. Kwana huɗu ina sara da takobi ga Orphic Hammer a jaka.

Sai na koma sebin na baya kaɗan, na je famfunan nan na ɗakin hutawarsa da ke mayar maka da komai kamar ka yi dogon barci, kowa ya cika. Karlach ta sha elixir, na ba ta gudumar. Na canja wa Shadowheart tsafe-tsafenta na cire masu haske, na bar na warkarwa da Bless. Takardar Globe na sa a hannunta ita, don a gem ɗin nan kowa na iya karanta takarda, Gale kuma ina son hankalinsa ya zauna kan Hold Monster, tsafin daskarar da abokin gaba, mutum ɗaya ba ya riƙe tsafi biyu masu buƙatar natsuwa a lokaci guda. Wannan lissafin ni na yi shi, kar auta ya cinye ladan duka.

Sai maganar Yurgir. Kafin a fara faɗa kana iya lallashinsa ya dawo ɓangarenka amma sai ka kawo 30, dayis ɗin kuma fuska 20 gare shi, sauran sai abin da bakinka ya ƙara maka. A da ko gwadawa ba na yi saboda kar in ɓata Inspiration ɗina guda 4, wato damar sake jefa dayis, da nake ajiya, ka ji rowa har a nan. Na jefa, 6. Na sake, 11. Auta ya rufe ido. Na uku ya faɗi kan 19, da abin da paladin ke da shi da Guidance ɗin Shadowheart ya haye da ƙyar, ƙaton nan ya juya ya fuskanci ubangidansa. Muka yi ihu har Umma ta leƙo ta ce lafiya, auta ya ce mata shaiɗan ne ya tuba, ta ce Allah ya shirye ku ta saki labule.

Zagayen farko na tara mutanena wuri ɗaya na jefa Potion of Speed a ƙasa tsakiyarsu, kwalba ɗaya ta fantsama ta kama mutum uku, wannan dabarar na daɗe da saninta amma ban taɓa yi ba don ina jin zafin fasa kwalbar. Karlach ta yi tsalle ta dira gaban ginshiƙin hagu ta yi ta narka masa guduma har ya tarwatse. Gale ya aika Magic Missile kan na biyu, na bi shi da bam biyu. Yurgir na can yana ta fama da cambion, ya ɗauke mana rabin wahala. Zagaye na biyu saura ginshiƙi ɗaya. Hope na ta watsa mana warkarwa tana surutunta.

Da na huɗun ya faɗi sai Raphael ya rikiɗe ya koma wata ƙatuwar halitta mai ban tsoro, a nan ne Shadowheart ta karanta takardar, ƙwallon kariya ya rufe mu, zagaye uku babu abin da ke taɓa wanda ke ciki. Ya yi ta zuba wuta tana zamewa. Wallahi daɗin da na ji a lokacin nan, ina zaune a ciki ina kallonsa yana haukansa, ba zai faɗu ba.

Amma na yi wauta ɗaya da ta kusa mayar da ni F8. Na manta maganin gudun nan zagaye uku yake yi, in ya sake ka kuma sai kasala ta kama ka ka rasa zagaye guda cur ba ka motsi. Ya sake mu kusan daidai lokacin da ƙwallon ya ɓace. Mutum uku tsaye kamar gumaka, Raphael ya juyo ya sakar mana wuta, Gale ya faɗi, paladin ya faɗi, Karlach saura jini 14. Hannuna har ya tafi kan kibod, auta ya riƙe min wuyan hannu ya ce "Yaya ba ka yi na matar nan ba." Divine Intervention. Na tsaya ina kallon alamar kusan minti ɗaya, zuciyata na cewa to faɗan ƙarshe da ƙatuwar ƙwaƙwalwar nan da ke jira a ƙarshen gem ɗin fa, me za ka yi a can? Na danna. Kowa ya miƙe, tsafe-tsafe suka dawo kamar an yi barci an tashi.

Gale ya jefa Hold Monster, bai kama ba. Zagaye na gaba ya sake, ya kama. Duk wanda aka daskarar haka, bugun da aka kai masa daga kusa critical ne kai tsaye, wato mai ƙarin ɓarna, sai na fasa kwalba ta biyu a ƙafar Karlach da paladin suka rufe shi da duka, ba Smite ba komai, duka kawai irin na ɓarawon waya a kasuwa. Jinin ya yi ta zuba, 300 da wani abu, 200, 90. Ya kuɓuce ya ƙone Hope saura ƙiris, na jefa mata maganin jini daga nesa. Bugun ƙarshe Karlach ce ta kai, kuma ya dace, shekara goma ta yi tana bauta a Avernus da inji a ƙirji maimakon zuciya. Na danna F5 na yi sebin sau uku a jere don tsoron a ɗauke wuta.

Na kwashi Helldusk Armour a jikinsa na sa wa paladin, Hope ta tsira da ranta ta yi mana godiya, gidan ya zama nata. Ana kiran magariba muka tashi, ƙafata ta yi tsami don zama.

Bayan isha na sake buɗewa don in ga jakar kawai. Potion of Speed saura 5, elixir saura 2, takardu har yanzu sun fi 30. Gobe in Allah ya kai mu akwai dodon nan Ansur a ƙarƙashin Wyrm's Rock, na riga na ji labarin tsawarsa, kuma takardar Globe ɗina ta tafi, sai na koma shago na ga ko akwai wata. Auta ya ce ladansa cajin data na 500 ne, na ce sai Litinin, ya ce dama ya sani.