Ashe barin giya ma sai da likita

A Kano maganar giya ba ta wuce Sabon Gari da kwalaben da Hisbah ke fasawa, sai ka ɗauka babu mai shanta a gidajenmu. Wani ɗan'uwanmu ya yi shekaru yana sha a ɓoye. Da asiri ya tonu, yayyensa suka kulle shi a ɗaki wai ya bari da ƙarfin tsiya. Kafin kwana uku hannunsa na karkarwa, gumi sharkaf, yana ganin ƙwari a bango. Baba ta ce iskoki ne.

Likitan ƙwaƙwalwa ya ce mana yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba tana iya jawo farfaɗiya, har mutuwa. Aka kwantar da shi, aka ba shi diazepam, maganin kwantar da jijiyoyi, da bitamin B1.

Daga baya aka zo kan magungunan hana komawa. Akwai disulfiram, wanda Amurka ta amince da shi tun 1951: in ka kurɓi giya a kansa, fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, sai amai. Acamprosate kuwa ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake duba shi ga mai ciwon hanta.

Shi naltrexone aka rubuta masa, mai rage kwaɗayin sha. Amma sai da likita ya tsare shi da ido: "Malam, tsakaninka da Allah, kana taɓa tramadol ko kodin?" Domin in suna jiki, maganin zai jefa mutum cikin azaba nan take. A garin nan kuwa, wannan tambaya dole ce.